Darasi: Yadda Ake Cire Akawun Majalisa Idan Ya Daina Aiki

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. Bayyana ko wane ne akawun majalisa, da abin da ya raba shi da ɗan majalisa.
2. Faɗin wanda doka ta ba ikon cire shi.
3. Bambance ƙin zuwa aiki da rashin ƙwazo da rashin lafiya.
4. Kawo matakan da ake bi kafin a raba shi da kujerarsa.
5. Bayyana abin da kotu ke yi idan aka tsallake mataki.

1. Mutumin da ke zaune a gaban Kakaki

Idan kuna kallon zaman majalisa a talabijin, idonku zai fi zuwa kan Kakaki, ko kan ɗan majalisar da ya miƙe yana ɗaga murya. Ku sauke ido ƙasa kaɗan. A gaban kujerar Kakaki akwai teburin da ake ɗora sandar majalisa, da wasu mutane cikin baƙaƙen riguna sun sunkuya kan takardu. Ba sa muhawara, ba sa jefa ƙuri'a. Babbansu shi ne akawun majalisa, wasu kuma su ce magatakarda.

Kada sunan ya ruɗe ku. A bakin mutanenmu akawu ƙaramin ma'aikaci ne mai rubuta rasit. A majalisa kuwa shi ne shugaban ma'aikata gaba ɗaya. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 da kansa ya ambace shi: sashe na 51 ya ce dole a samu Akawun Majalisar Tarayya, sashe na 93 kuma ya ce kowace majalisar dokokin jiha ta samu nata. A ƙarƙashin na tarayya akwai akawun Majalisar Dattawa da na Majalisar Wakilai, sannan kowane kwamiti da nasa akawun.

Ofishinsa ne ke shirya jadawalin abin da za a tattauna, ya rubuta abin da aka zartar a kowane zama, ya adana takardu, ya tunatar da Kakaki ƙa'idar zaure. Idan aka amince da ƙudiri, Akawun Majalisar Tarayya ne ke sa a fitar da tsabtataccen kwafi, ya sa hannu cewa wannan shi ne abin da majalisa ta amince da shi, sannan a kai wa Shugaban Ƙasa, wanda kundi ya ba kwana 30 ya rattaba hannu ko ya ƙi. A ranar da sabuwar majalisa ta fara zama, babu Kakaki babu Shugaban Majalisar Dattawa tukuna, akawu ne ke jan ragamar zaɓensu. Salisu Maikasuwa ne ya yi haka ranar 9 ga Yuni, 2015, Mohammed Sani-Omolori ranar 11 ga Yuni, 2019, sai Sani Magaji Tambuwal ranar 13 ga Yuni, 2023.

To ku auna abin da zai faru idan mai irin wannan aiki ya yi barci. Ƙudirin gina asibiti zai kwana a durowa wata da watanni. Koken da mutanen wani ƙauye suka haɗa kuɗin mota suka kai majalisa ba zai taɓa shiga jadawali ba. Su dai za su ce ɗan majalisarsu ya ci amanarsu, alhali takardar tana ƙarƙashin tulin fayil a teburin da mai shi ba ya zuwa.

> Akwatin kalmomi (1)
> Akawun majalisa: babban ma'aikacin da ke kula da takardu da ma'aikatan majalisa. Naɗa shi ake yi, ba zaɓensa ba.
> Ƙudiri: daftarin doka kafin a sa masa hannu.
> Jadawalin zama: takardar da ke jera abubuwan da majalisa za ta tattauna a rana.

2. Wa ke da ikon cire shi?

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Suna ɗauka tunda akawu yana aiki a gaban Kakaki, Kakaki zai iya korarsa duk ranar da ransa ya ɓaci, ko 'yan majalisa su ɗaga hannu su tsige shi. Tsigewa ta shugabannin majalisa ce: ana cire Kakaki da ƙuri'ar kashi biyu bisa uku na 'yan majalisar. Ɗan majalisa kuma, mutanen mazaɓarsa na iya yi masa kiranye, kuma yana iya rasa kujerarsa idan ya ƙi halartar zama ba tare da uzuri ba fiye da kashi ɗaya bisa uku na ranakun da aka zauna a shekara. Wannan yana sashe na 68 ga na tarayya, da sashe na 109 ga na jiha.

*Misali na 1.* Kundi ya ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Mu ɗauka ta zauna daidai hakan. Raba 181 gida uku ya ba da 60 da 'yan kai. Ke nan ɗan majalisar da ya yi fashin kwana 61 babu uzuri ya shiga haɗarin rasa kujerarsa. Wannan lissafi bai shafi akawu ba. Shi ma'aikaci ne, ana tambayarsa ko da fashin yini ɗaya ne, kuma aikinsa na ci gaba ko majalisa tana hutu.

Ƙa'idar da ke kan akawu ita ce: wanda ya naɗa shi ne ke cirewa. A tarayya, Hukumar Kula da Ma'aikatan Majalisar Tarayya ce ke naɗi da ƙarin girma da ladabtarwa da kora. An kafa ta da doka a 2000, aka sake dokar a 2014, kuma tana da shugaba da mambobi 12. Jihohi da dama sun kafa irinta da dokokinsu. Saboda haka kafin ku ce komai kan akawun wata jiha, sai ku duba dokar wannan jihar, don ba duka suka zama ɗaya ba.

An gwada ƙarfin wannan hukuma a watan Yulin 2020. Ta ba da umarnin cewa duk ma'aikacin da ya cika shekara 35 yana aiki ko ya kai 60 da haihuwa ya yi ritaya. Akawun lokacin, Sani-Omolori, ya ce majalisar da ta gabata ta riga ta mayar da wa'adin shekara 40 na aiki ko 65 na haihuwa. Aka ja aka ja, a ƙarshe maganar hukuma ce ta tsaya, ta naɗa Ojo Olatunde Amos ya riƙe ofishin. Wannan rikici na ritaya ne, bai shafi rashin aiki ba, amma ya nuna a hannun wa wuƙa da nama suke.

Me ya sa ba a bar abin a hannun Kakaki ba? Domin akawu na majalisa ne baki ɗaya, da masu rinjaye da marasa rinjaye. Ku tuna abin da ya faru a jihar Edo a watan Yunin 2019, inda aka rantsar da mutum 9 cikin zaɓaɓɓu 24 da daddare, rikicin kuma ya ɗauki shekaru. A irin wannan rana kowane ɓangare yana son teburin akawu ya karkata gare shi. Da a ce ana korar akawu da kalma ɗaya, da duk wanda ya ƙi karkata sai a wayi gari an ce "ba ya aiki". Ni a ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa aka tsawaita hanyar cire shi, kuma dalili ne mai kyau.

3. Me ake nufi da "ba ya aiki"?

A kasuwa kalma ɗaya ce. A ofis kuwa gida uku ce, kowanne da hukuncinsa. Hukumomin majalisu suna da nasu sharuɗɗan aiki, amma ginshiƙinsu ɗaya ne da Dokokin Aikin Gwamnati, waɗanda aka sabunta a 2008 da kuma 2021.

Na farko, ƙin zuwa aiki ba tare da izini ba. Wannan yana cikin manyan laifuka, yana iya kai mutum ga kora, kuma ma'aikacin ne zai kawo hujjar da za ta hana a yi masa cikakken hukunci. Tabbatar da shi ba wuya, rajistar sa hannu ta isa shaida.

Na biyu, rashin ƙwazo. Wannan ya fi wuyar kamawa, kuma ya fi yawa. Mutum yana zuwa, yana sa hannu, amma aikin ba ya fita. Ba kuskure ɗaya ake nufi ba, tarin sakaci ne wanda idan aka haɗa shi zai nuna cewa mutumin ba ya iya riƙe ofishin. Na taɓa zarya a wani ofis har sati uku ina bin takarda ɗaya. Kullum na leƙa sai in ga hula a kan tebur, fanka na juyawa, kofin shayi rabi, masinja kuma ya ce, "Yallaɓai ya ɗan zaga, yanzu zai dawo." A rajista mutumin bai taɓa fashi ba. Irin wannan ba a kama shi da rajista, sai da takardun da aka ba shi ranar kaza, aka ce ya gama ranar kaza, bai gama ba.

Na uku, rashin lafiya. Wannan ba laifi ba ne. Idan ciwo ya daɗe, ana tura ma'aikaci gaban kwamitin likitoci, su ne za su ce zai iya ci gaba ko a yi masa ritaya da haƙƙoƙinsa. Haɗa mara lafiya da malalaci a kwando ɗaya zalunci ne.

> Akwatin kalmomi (2)
> Takardar tuhuma: wasiƙar da ke faɗa wa ma'aikaci abin da ake zarginsa da shi, ta nemi ya ba da ba'asi a rubuce.
> Dakatarwa: hana ma'aikaci shiga ofis na ɗan lokaci yayin da ake bincike. Ba hukuncin ƙarshe ba ce.
> Ritayar dole: sallamar ma'aikaci kafin lokacinsa, galibi da haƙƙoƙinsa.
> Kora: hukunci mafi tsanani, wanda ke ɓata sunan ma'aikaci ya kuma taɓa haƙƙoƙinsa na barin aiki.

4. Matakan da ake bi

Tushen matakan nan shi ne sashe na 36 na kundin tsarin mulki, wanda ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ko mai unguwa ba ya raba gardama da jin bakin mutum ɗaya.

Gargaɗi. Idan rashin ƙwazo ne, sai an gargaɗi mutum a rubuce, ba sau ɗaya ba, a kuma ba shi lokacin gyarawa. A nan shugabanni suka fi faɗuwa, shi ya sa zan daɗe a kai. Muna da kunya, muna da kara. Shugaba zai kira na ƙasa da shi ya ce, "Haba Malam, ka dai riƙa ƙoƙari," su yi musabaha a rabu. Sau goma ana haka, babu ko layi ɗaya a fayil. Sau da yawa ma a ƙarshen shekara shugaban nan ne zai cika masa takardar auna ƙwazo da yabo, don kada a ce shi ya hana shi ƙarin girma. Ranar da tura ta kai bango aka tashi cire shi, sai a buɗe fayil a tarar da shi fes. Nasiha ta baki tana da kyau, a fara da ita. Amma idan ba ta yi amfani ba, rubutawa ita ce adalci, ga ma'aikacin da ya kamata ya san inda ya tsaya, da kuma jama'ar da takardunsu ke kwana a teburinsa.

Takardar tuhuma. Dole ta faɗi laifin dalla-dalla: wace rana, wane aiki, wace ƙa'ida aka karya. "Ba ka da himma" ba tuhuma ba ce. Ana ɗiba masa lokacin amsawa a cikin takardar.

Bincike. Idan amsar ba ta gamsar ba, sai a kafa kwamiti. Ma'aikacin yana da damar ganin takardun da za a kafa hujja da su, ya kawo shaidunsa, ya yi wa masu ba da shaida a kansa tambayoyi. Wanda ya kai ƙara ba ya zama cikin masu yanke hukunci.

Hukunci. Kwamiti shawara yake bayarwa, hukuma ce ke yankewa, ta sanar da shi a rubuce. Ba kullum ake kaiwa ga kora ba. Akwai jan kunne mai tsanani, da hana ƙarin albashi, da rage muƙami, da ritayar dole. Dokokin Aikin Gwamnati sun so a gama irin wannan shari'a cikin kwana 60, sai fa idan akwai laifin da ke gaban kotu, don kada a bar mutum a rataye.

Kafin a gama, ofis ba ya zama babu kowa. Mataimaki ko wani babban ma'aikaci ne ke riƙon ƙwarya.

*Misali na 2.* Mu ɗauka akwai akawun kwamitin lafiya a wata majalisar jiha, mu kira shi Malam Wane. An yi zaman jin ra'ayin jama'a a watan Maris, aka ce ya miƙa rahoto cikin sati biyu. Afrilu ta wuce shiru, sai shugabansa ya rubuta masa gargaɗi. A watan Yuni ya manta bai aika takardun gayyata ba, zaman kwamiti ya watse, aka sake rubuta masa. A Agusta aka ba shi na uku, aka haɗa shi da wanda zai taimaka masa. Oktoba ta zo babu canji, aka ba shi takardar tuhuma mai ɗauke da ranakun nan duka. Ya amsa cewa aiki ne ya yi masa yawa. Kwamitin bincike ya duba ya ga kwamiti ɗaya kawai yake riƙe da shi, ya ba da shawarar ritayar dole, hukuma ta amince. Ko Malam Wane ya je kotu, da wuya ya yi nasara, don kowane mataki yana da takardarsa.

*Misali na 3.* Hajiya Wance akawun wata majalisa ce. An neme ta ta sa hannu cewa an amince da wani ƙudiri, ita kuwa ta san ranar ba a cika adadin da ake buƙata a zaure ba, sai ta ƙi. Washegari aka kawo batu a zaure cewa ba ta aiki, aka ce masu goyon baya su ce "e", aka buga guduma, aka canza makullin ofishinta. Babu gargaɗi, babu tuhuma, ba a ji ta bakinta ba, kuma ba hukumar da ta naɗa ta ce ta cire ta ba. Majalisa na iya kai kokenta ga hukuma, amma kai koke daban, yanke hukunci daban.

5. Idan aka tsallake mataki

Wanda aka cire yana iya fara kai kuka ga hukumar, ko ya nemi taimakon ƙungiyar ma'aikatan majalisu, wato PASAN. Idan bai gamsu ba, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya ba ikon sauraron rigingimun aiki a sashe na 254C.

Kotunan Najeriya ba sa ɗaukar kowane aiki iri ɗaya. Mai shago zai iya sallamar yaronsa, in ma ya saɓa alkawari iyaka ya biya diyya. Amma aikin da doka ta kafa, ta kuma shimfiɗa yadda za a cire mai yinsa, sai an bi shimfiɗar nan sau da ƙafa. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Shitta-Bey da Hukumar Ma'aikatan Tarayya a 1981, da ta Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985. Idan ba a bi ba, kotu kan ce korar ba ta yiwu ba tun farko, a mayar da mutum kujerarsa, a biya shi albashinsa na baya. Alƙali ba zai tsaya tambayar ko mutumin malalaci ne ba, abin da zai fara dubawa shi ne ko an bi ƙa'ida.

*Misali na 4.* A ce an kori wani akawu wanda da gaske ba ya aiki, amma aka yi gaggawa ba a ba shi takardar tuhuma ba. Albashinsa N200,000 ne a wata, shari'a ta ɗauki shekara 3, wato wata 36. N200,000 sau 36 ya ba da N7,200,000. Za a zaro wannan kuɗi daga baitulmalin jama'a a ba mutumin da bai ɗaga ko biro ba, ya kuma dawo teburin da aka kore shi, alhali an biya wanda ya riƙe ofishin a tsawon lokacin. Garin gyaran gira an rasa ido, kuma takarda ɗaya da ba a rubuta ba ce ta jawo.

> Akwatin kalmomi (3)
> Haƙƙin saurare: damar da doka ta ba mutum ya san zargin da ake masa, ya kuma kare kansa.
> Riƙon ƙwarya: riƙe ofis na ɗan lokaci kafin a tabbatar da mai shi.
> Ariyas: kuɗin albashin baya da ba a biya ba.

Tambayoyin bita

1. Kawo ayyuka uku na akawun majalisa. Wanne ne yake yi a ranar farko ta sabuwar majalisa?
2. Waɗanne sassa na kundin tsarin mulkin 1999 ne suka ambaci akawun Majalisar Tarayya da na majalisar jiha?
3. Wata majalisa ta zauna kwana 186 a shekara. Fashin kwana nawa ne zai jefa ɗan majalisa cikin haɗarin rasa kujerarsa? Shin wannan lissafi ya shafi akawu?
4. Mene ne bambancin ƙin zuwa aiki da rashin ƙwazo? Wanne ya fi wuyar tabbatarwa, kuma me ya sa?
5. Akawu ya yi wata huɗu yana jinya. Wace hanya ya kamata a bi da shi?
6. A Misali na 3, lissafa matakan da aka tsallake wajen cire Hajiya Wance.
7. An mayar da wani ma'aikaci aiki bayan shekara 2 da wata 6, albashinsa N150,000 a wata. Nawa ne ariyas ɗinsa?
8. Aikin rukuni: ku rubuta gajeriyar takardar gargaɗi ga Malam Wane. Ku sa rana, da aikin da bai yi ba, da lokacin da aka ba shi ya gyara.
9. Tattaunawa: a ƙungiyarku ta unguwa ko ta sana'a, idan sakatare ya daina kiran taro da rubuta bayanan zama, wa ke da ikon cire shi, kuma waɗanne matakai daga wannan darasi za ku iya ɗauka?